Diragoman na Misfala

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai koma. Kakana na wajen uwa ya riga mu komawa ranar wata Alhamis, yana da shekara casa'in da 'yan kai, wajen saba'in daga ciki a nan Makka ya yi su. An yi masa salla a Harami bayan la'asar. Mu jikokinsa Sidi muke ce masa, yadda 'ya'yan Hijaz suke kiran kakanninsu, kuma haka zan kira shi a wannan rubutu.

Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa a gidan kawuna da ke unguwar Ka'akiyya, maza a kan kujerun da aka jera a ƙofar gida, mu mata a falon sama. Ban zaci jama'a za ta yi yawa ba, don wanda ya kai shekarun Sidi ya riga ya raka kusan duk abokansa. Sai ga mutane har matakala ta cika. Wata tsohuwa da ta shekara arba'in tana sayar da ƙosai da kunu a bakin lungunmu na unguwar Misfala ta hawo da ƙyar, tana hutawa a kowane hawa. Da ta shigo ba ta gai da kowa ba. Ta zauna kusa da mahaifiyata, ta kama hannunta, ta ce, “Diragoman ya tafi. Yanzu wa zai faɗa mana abin da likita ya ce?” Mahaifiyata, wadda tun safe take daurewa tana ba wasu haƙuri, sai a lokacin ta fashe da kuka.

Kawuna ya ce a wajen maza ma haka aka yi ta ambatonsa. Wani tsohon Bayamane mai gidan burodi, da 'ya'yansa suka riƙo shi, da wannan sunan ya yi ta yi masa addu'a. Wasu magina 'yan Nijar sun bar aiki sun zo da ƙurar siminti a ƙafafunsu, ba su ma san yana da wani suna ban da wannan ba. A rana ta biyu 'yar kawuna, wadda ke shekarar farko a jami'a, ta matso kusa da ni ta tambaye ni da Larabci ko Diragoman sunan ƙabilarmu ne a Najeriya. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata. Tambayarta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Sidi yana da ɗan shago a Misfala inda yake sayar da carbi da darduma da jarkokin zamzam, amma ba a shagon aka san shi ba. Kakata takan ce shagon wurin ajiye takalmi ne kawai, don da wuya ya yini a ciki. Kafin hantsi wani ya zo ya tafi da shi asibiti, ko wurin 'yan sanda, ko ofishin fasfo, ko kuma wani lungu inda wata tsohuwa ta ɓace wa ayarinta tana kuka ba mai jin abin da take faɗa. Yana jin Hausa da Larabcin Sudan da na Hijaz, yana taɓa Fulatanci da Barbarci, yana kuma da wani Turanci irin na mutanen da, mai tsayayyun kalmomi kamar rigar da aka sa wa sitaci. Sau da yawa da baƙo yake dawowa gida. Akwai wata 'yar Damagaram da ta kwana huɗu a ɗakin kakata kafin a gano masaukinsu, kuma duk kwanakin nan kakata tana mita tana ƙara mata tuwo.

Idan yana fassara ba ya kallon fuskar kowa. Yakan ɗan ja baya, ya haɗa hannuwansa a bayansa, ya zuba wa ƙasa ido. Ba ya ragewa, ba ya ƙarawa. Ina 'yar shekara tara na ga wani alhaji Basakkwace ya yi sa-in-sa da mai masaukinsu a kan ruwan wanka da ya ƙare. Magana ta yi zafi har alhajin ya ambaci uban mutumin. Mai masaukin ya juyo ya tambayi Sidi me aka ce. Sidi ya ɗago ya dubi alhajin.

“Alhaji, wannan da ka ba ni, in kai, ko ka janye?”

Alhajin ya goge gumi, ya ce ya janye. Sidi ya gaya wa mai masaukin cewa baƙonsa ya faɗi magana ya kuma janye ta. Aka kawo ruwa, rigima ta mutu. Tun daga ranar wannan tambayar ta zama ta gidanmu. Ko yanzu idan ƙanwata ta yi wa mijinta gatse a gabanmu, sai wani ya ce mata, a kai ko kin janye?

Sunan ya samo asali ne daga wata takarda. Tana cikin wata jakar fata, jakar kuma cikin gwangwanin alawa a ƙasan akwatinsa. Da tafireta aka buga ta, ta yi launin shayi don tsufa, duk inda aka naɗe ta ya kusa rabuwa. Wani likita Bature ne ya ba shi ita a Sawakin, garin gaɓar teku a Sudan inda mahajjatan ƙafa suke jiran jirgin ruwa zuwa Jidda. Abin da ke ciki layi huɗu ne, cewa mai wannan takarda ya yi aiki da shi wata bakwai kuma ya same shi dragoman mai gaskiya. Lokacin da Sidi ya iso Makka yana neman abin yi, yakan nuna ta, yana karanta kalmar da ƙarfi. Mutanen unguwa suka ɗauke ta suka liƙa masa.

Ni kuma ba ya faɗar sunana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake ce mini tun ina cikin zanen goyo. Idan aka yanka rago ni yake ajiye wa hanta. Shi ya hana Hausata mutuwa, don duk abin da na faɗa masa da Larabci sai ya yi kamar kurma har sai na juya harshe. Wannan gatan ne ya sa kaina ya kumbura, har na yi masa abin da ban daina jin kunyarsa ba.

Ina shekara ta biyu a jami'a ina karatun Turanci. Ranar ƙaramar salla duk mun taru a gidan Misfala, an ci an sha, sai kawuna ya roƙi Sidi ya fito da takardar, tun da yanzu gida ya samu mai ilimin karanta ta. Ya fito da ita ya miƙo mini da hannu biyu. Na karanta, na zo kan kalmar na tsaya. Na ce ban taɓa jinta ba. Na ciro ƙaramin ƙamus daga jakata na duba, babu ita. Wadda na samu a kusa da gurbinta tana nufin wani dodon maciji mai fukafukai da ke fitar da wuta ta baki a tatsuniyoyinsu. Na karanta musu wannan, ina dariya na ce ko dai tafireta ce ta yi tuntuɓe, ko kuma Baturen tsokanar Sidi ya yi. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ƙananan jikoki suka shiga hura iska suna cewa Sidi zai ƙone su.

Shi bai yi dariya ba. Ya karɓi takardarsa, ya naɗe ta a hankali ta inda take a naɗe, ya mayar cikin jaka. Ya tambaye ni shekarar ƙamus ɗin nawa nawa. Na ce bara aka buga shi. Ya gyaɗa kai ya ce, “To, Ustaza.” Ya tashi ya yi alwala ya fita, alhali da sauran lokaci kafin a kira salla.

Wata huɗu yana ce mini Ustaza. Bai yi mini faɗa ba, bai daina amsa gaisuwata ba. Idan na durƙusa sai ya amsa cikin ladabi kamar baƙuwa ce ta zo. Na gwammace ya mare ni. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta sa baki ba, bakin da ya ɓata shi zai gyara. Na ba shi haƙuri sau biyu, ya ce ai babu komai, mai ilimi ta faɗi abin da ta gani a littafi.

Daga ƙarshe wata malamarmu, da na kai mata kukana, ta tura ni laburare wurin wani ƙamus mai juzu'i da yawa wanda ba a ba da aronsa. Na sauke juzu'in da ƙyar, na yi ta bin layi da yatsa. Da idona ya faɗa kan kalmar sai da na zauna a ƙasa. Tana nan, da dogon bayani a ƙarƙashinta cikin ƙananan haruffa. Na kwafe shi duka da hannu, na ƙara da abin da na tsinta a wasu littattafan da malamar ta nuna mini.

Na same shi bayan la'asar a kan dardumarsa a tsakar gida, yana jan carbi. Na durƙusa na ce na zo da labarin kalmarsa. Sai carbin ya tsaya a hannunsa. Na gaya masa cewa asalinta ba Turanci ba ce, Larabci ce, tarjuman, mai yin tarjama tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna. Girkawa ne suka karɓe ta daga bakin Larabawa suka lanƙwasa ta yadda harshensu zai iya, harafin “ta” ya koma “da”, “ja” ya koma “ga”. Daga nan ta bi fatake da matafiyan teku ta shiga ƙasashen Turai, har ta isa Ingila shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Su ma Larabawan gadonta suka yi, don an samu kakarta a rubuce a kan allunan yumɓu na mutanen farko na ƙasar Iraƙi.

Ya ce in sake lissafo masa wuraren. Na sake, yana lanƙwasa yatsa ɗaya a kowane wuri, yadda yake yi idan yana ƙirga zangon da suka yi daga ƙasar Kano zuwa teku. Da na gama ya ce, “Ashe ita ma 'yar hanya ce. Ta ma fi mu daɗewa a tafe.”

Na ci gaba da ma'anoninta. Da farko tafinta ne kawai. A zamanin sarakunan Turkawa na Santambul ta zama sunan babban muƙami, mutumin da ke tsayawa tsakanin sarki da jakadun ƙasashe, wanda kuskuren harshensa kan iya jawo yaƙi. Daga baya ta sauko ta zama sunan ɗan jagoran da Turawa masu yawon buɗe ido suke ɗauka a Masar da Sham, ya nemo musu raƙuma da tanti, ya yi musu ciniki. Sai ta tsufa, aka daina faɗarta, ta rage a tsofaffin littattafai. Tana ma da 'yar'uwa da suka fito ciki ɗaya, wadda ta mutu gaba ɗaya tun tuni. Da na ƙara masa da cewa tafinta da muke faɗa a Hausa daga Turanci muka aro ta, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce su sun ari ta Larabawa, mu mun ari tasu, kowa da rigar wani yake yawo.

Na zaci an gama. Sai ya tambaye ni ɗayar kalmar, wadda ke gaban wannan a takardar, mai nufin mai gaskiya. Ita ma ta tsufa? Na ce a'a, kullum ana faɗarta. Daga nan ya ba ni labarin da ko mahaifiyata ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

Yana ɗan shekara bakwai suka bar ƙauyensu da niyyar hajji, shi da iyayensa da yayansa. Mahaifinsu ya rasu a hanya kafin su kai kogin Nilu. Suka zauna a Sudan shekara da shekaru suna tsinkar auduga suna tara guzuri, shi kuma ya samu aikin masinja a wani ofishi, a nan kunnensa ya ɗauki Turanci. Shekara goma sha uku bayan fitowarsu suka isa Sawakin. A can akwai karantina, wurin da ake tsare mahajjata a duba lafiyarsu kafin su hau jirgi. Likitan wurin ya ji yana Turanci, ya ɗauke shi ya riƙa yi masa fassara.

Ana saura kwana kaɗan jirginsu ya tashi, zazzaɓi ya kama mahaifiyarsu, ga tari. Ta ɓoye, tana lulluɓe fuska. Da safen da za a duba su yayansa ya ja shi gefe ya ce duk abin da likita ya tambaya ya ce gajiyar hanya ce. Layi ya zo kanta. Likita ya taɓa goshinta ya ce a tambaye ta tun yaushe jikinta yake da zafi. Sidi ya tambaye ta da Hausa. Ta dube shi, ta ce yau kwana shida, kuma tun shekaranjiya tana ganin jini a tarin.

“Yayana yana tsaye a bayanta yana girgiza mini kai,” in ji Sidi. “Ita ba ta yi ƙarya ba. Yaya zan yi ƙarya da bakinta? Ga kuma mutane ɗaruruwa da za su cushe a jirgi ɗaya da ita, da yara a cikinsu. Na faɗa masa yadda ta faɗa.”

Aka tsare ta. Jirgi ya tafi ya bar su. Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba ta cika mako biyu ba ta rasu, aka binne ta a nan gaɓar teku, tsallake ɗaya tsakaninta da Jidda. Yayansa ya hau jirgi na gaba ba tare da ya yi masa sallama ba. Shi ya zauna ya ƙarasa watanninsa a karantina, kuma ranar da zai tafi likitan ya buga masa takardar nan. A Makka yayan ya zauna a Jarwal, shi a Misfala, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a ƙafa ba, amma sun fi shekara ashirin gaisuwar salla kaɗai ke haɗa su. Sai da ciwon ajali ya kwantar da yayan ya aiko a kira shi. Ko a ranar ba su tayar da maganar ba, ya dai riƙe hannunsa.

Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce ya yi mata hajji sau uku, kuma har gobe idan ya ga Ka'aba sai ya tuna ba ta gan ta ba. Da ya yi shiru a ranar, mai yiwuwa da a Makka aka binne ta. Ya ce bai san amsar tambayata ba, abin da ya sani shi ne takardar nan da tsada ya saye ta. Daga nan ya miƙo mini kofinsa ya ce, “Inna, tashi ki ƙaro mini shayi.” Na shiga madafa na yi kukana a can.

Shekaru suka tafi. Rusau ya ci lungunmu na Misfala, aka gina otal-otal a wurin, Sidi ya koma gidan kawuna a Ka'akiyya bayan rasuwar kakata. Masu zuwa nemansa suka ragu, don kowa ya samu waya mai fassara a aljihu. Wani jikansa ya taɓa nuna masa yadda take yi. Ya saurara da kyau, ya ce tana da ƙoƙari, amma ba ta san lokacin da mutum yake jin tsoro ba. Duk da haka tsofaffin unguwa ba su yarda da kowa ba sai shi. Sukan zo da takardun asibiti a leda, ya sa tabarau ya yi musu bayani, ya kuma faɗa musu gaskiya ko da ba mai daɗi ba ce.

Wata biyu kafin rasuwarsa ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da ya farfaɗo a asibiti, Larabcin da ya shekara tamanin yana yi ya tafi, Turancin ma haka. Hausa kaɗai ta rage, ita ma irin ta ƙauyensu, da wasu kalmomin da ban taɓa ji ba. Yawancin jikokinsa suka tsaya a kansa suna kallonsa ba sa gane abin da yake so. Na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa, nake yini a wurinsa.

Wata safiya likitansa ya shigo zagaye, wani matashi mai sauri, da allon rubutu a hannu. Sidi ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya fara magana a hankali. Ya tambayi likitan yadda ya kwana, da gajiya, da aiki, da iyali, da mahaifansa ko suna raye, da zafin gari, sannan ya yi masa sannu da ɗawainiya. Likitan ya dube ni. Na ga yana gaggawa, sai na ce masa da Larabci, yana gaishe ka. Ban rufe baki ba na ji an buge mini bayan hannu.

“Bakwai na faɗa,” Sidi ya ce. “Ɗaya kika kai.”

Na ba likitan haƙuri na ce kakana ya ce ban isar da saƙonsa duka ba. Na fara daga farko, ɗaya bayan ɗaya. Likitan ya amsa ta farko a tsaye, ya amsa ta biyu yana murmushi. Da muka zo kan mahaifansa sai ya ce mahaifinsa ya rasu watanni kaɗan da suka wuce. Na mayar wa Sidi. Sidi ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo, na juya ta zuwa Larabci ban bar ko kalma ɗaya ba. Likitan ya ajiye allonsa a kan gado, ya jawo kujera ya zauna, ya kama hannun tsohon. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo sau biyu tana nuna masa agogo, bai tashi ba sai da aka kai ta bakwai.

Bayan kwana tara Sidi ya cika, da hantsi, da kalmar shahada a bakinsa, mahaifiyata tana riƙe da kansa. Allah Ka ji ƙan bawanKa, Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sauƙaƙa masa amsa tambayar kabari, Ka haɗa shi da iyayensa da yayansa a gidan da ba a rabuwa. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.